Alamar Tambaya a Gefen Suna

Har yau ina ajiye da hoton a tsohuwar wayata. Hoton baƙin allo ne mai fararen rubutu, wanda maigadin ofishinmu ya ɗauka da asuba a damunar 2016 ya turo mini, ya karkace kaɗan saboda a tsaye ya ɗauke shi. Na'urar da ke rarraba intanet ga abokan cinikinmu ta mutu karo na uku cikin mako guda. Kafin ta mutu ta bar wasiyya kamar yadda Linux ya saba: layi kusan ashirin na sunaye da lambobi, jerin wuraren da ta ratsa kafin ta faɗi. A gefen kowane suna akwai alamar tambaya.

A layi na biyu na ga sunan da na sani. Suna ne daga cikin direban da wani matashi da muka ɗauka aiki watanni biyar da suka wuce ya rubuta, direban da ke karanta yawan cajin batiran ofis. Ban ko gama shan shayi ba na yanke hukunci. Da hantsi na kira shi gaban shugaban sashenmu, na nuna masa hoton, na ɗora yatsa a kan sunan.

Ya daɗe yana kallon allon wayar, sannan ya ce, "Malam, amma akwai alamar tambaya a gefensa."

Na ce masa kowane layi yana da ita, ba wani abu ba ce. A ranar aka cire direbansa, aka mayar da shi sashen jan waya da hawa sanduna.

Wannan wasiƙa a kan waccan alamar tambaya take. Na shafe shekaru kafin na fahimci abin da take nufi sosai, kuma fahimtar ta kai ni ga wani lungu na ilimin kwamfuta da ba a cika leƙawa ba: yadda ake tsara 'yan ƙananan bayanan da na'ura ke dogara da su wajen bin sawun kanta a lokacin da ta ruɗe.

Tari da hawa-hawansa

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba ma'adana, shi ke magana da na'urori, shi ke yanke wanda zai yi aiki yanzu da wanda zai jira. An gina shi da dubban gaɓoɓi, kowace gaɓa da aikinta, kuma gaɓa takan kira gaɓa: wannan ta aiki waccan, waccan ta aiki wata, har aikin ya kammala kowa ya dawo wa wanda ya aike shi da amsa.

Domin kada ɗan aike ya manta hanyar gida, duk lokacin da gaɓa ta kira wata, firosesa takan ajiye adireshin komawa a wani yanki na ma'adana da ake kira tari. Gaɓar da aka kira ita ma sai ta shimfiɗa nata kayan aikin a kai. Wannan shimfiɗa ita ce hawa ɗaya. In ta kira wata, a ƙara hawa. In ta gama, a janye. A injinan x86 masu bit 64, tun daga sigar Linux 3.15 ta 2014, kowane zaren aiki yana da tari mai kilobait 16 a cikin kanel.

Idan kanel ya yi tuntuɓe, abin da muke gani nan take shi ne inda ya faɗi. Amma sau da yawa wurin faɗuwa ba ya faɗin komai. A hotona, na'urar ta mutu a cikin gaɓar da ke soke ƙararrawar lokaci, gaɓa ta gama-gari da ɗaruruwan wurare ke kira. An miƙa mata adireshin abin da aka riga aka share. Tambayar ita ce wa ya miƙa mata. Amsar tana cikin tari, sai an sauko hawa bayan hawa ana karanta adireshin komawa. Wannan saukowa ita ake kira warware tari.

Matsalar kuwa, tari jerin lambobi ne kawai, babu layi tsakanin hawa da hawa. Wani hawan bait 16 ne, wani ɗari biyu, kuma girman hawa ɗaya yakan canja yayin da gaɓar ke tsakiyar aiki. Sannan janye hawa ba gogewa ba ne. Firosesa takan matsar da manuninta kawai, tsofaffin lambobin su zauna a wurin har sai wani ya rubuta a kansu. Duk wanda ya taɓa ganin masu bin sawun dabba a bakin rafi ya san wahalar: sawun jiya da na yau duk suna kwance a kan laka ɗaya.

Abin da kanel ɗinmu ya yi a daren nan shi ne mafi sauƙin abu. Ya bi tari daga sama har ƙasa, duk lambar da ta yi kama da adireshin wata gaɓa ya buga sunanta, ya sa mata alamar tambaya. Ma'anar alamar ita ce: na ga wannan sawu, amma ban rantse na yau ne ba.

Sai bayan mako uku, na'urar ta sake mutuwa sau biyu ba tare da direban yaron a ciki ba, na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Shirinmu na sa ido yakan tambayi direbansa cajin batir, sannan nan take ya tambayi wani sashe da ni na rubuta yawan bayanan da suka wuce. Zare ɗaya ne, tari ɗaya. Direbansa ya gama aikinsa lafiya ya fita, ya bar sawu. Nawa sashen ne ya shigo bayansa ya miƙa mataccen adireshi. Sunana ma yana cikin hoton, a layi na biyar, da tasa alamar tambayar. Idona ya tsallake shi.

Igiyar da na tsinke da hannuna

Akwai tsohuwar dabara da za ta hana wannan. A keɓe rajista guda, ɗaya daga cikin 'yan aljihunan da ke cikin firosesa, ta riƙa nuna gindin hawan da ake kai. Kowace gaɓa da shigarta sai ta ajiye tsohon ƙimar rajistar a kan tari, ta ɗora sabo. Da haka hawa-hawan suka zama a ɗaure da igiya ɗaya: ka kama bakinta, ka bi ta har ƙasa, kusa da kowane ƙulli akwai adireshin komawa. Wannan shi ne manunin hawa. Ba ya buƙatar jadawali ko wani bayani na daban.

Amma igiya tana da kuɗi. Kowace gaɓa sai ta ƙara umarni a shiga da fita, kuma an rasa rajista ɗaya cikin goma sha shida a x86 mai bit 64, ko ɗaya cikin takwas a tsohon mai bit 32. Takardun kanel sun ce manunin hawa yana ƙara girman umarnin kanel da kusan kashi 3.2 cikin ɗari, kuma awon da Mel Gorman ya yi ya nuna wasu ayyuka suna jinkirta da kashi 5 zuwa 10. Saboda irin wannan lissafi ne ni da kaina na kashe manunin hawa lokacin da nake harhaɗa kanel ɗin na'urarmu. Na yi murna da 'yar saurin da na samu. Ban tambayi kaina me zan karanta ranar da abu ya ɓaci ba.

Ko an kunna ta ma, igiyar ba ta cika ba. Idan katsewa daga wata na'ura ta faɗo daidai lokacin da gaɓa ta shiga amma ba ta ɗaura nata ƙullin ba, mai bin igiya zai tsallake hawa ɗaya bai sani ba. Haka kuma sassan da aka rubuta da hannu a harshen inji ba dole ne su bi ƙa'idar ba. Duk da haka sauƙinta ya sa aka dawo mata a wajen kanel: Fedora 38 a 2023 da Ubuntu 24.04 a 2024 sun koma harhaɗa manhajojinsu da manunin hawa, domin masu auna saurin manhaja su riƙa ganin abin da ke faruwa.

Wada mai yawan ilimi

Ɗaya hanyar ita ce a bar gaɓoɓi su yi gudunsu ba igiya, a rubuta taswira a gefe. Taswirar ta ce: in an tsaya a wannan adireshi, hawan yana da kaza, adireshin komawa yana wuri kaza. Kwamfaila, manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen inji, ta san duk wannan, kuma ta daɗe tana rubuta shi a wani tsari mai suna DWARF, kalmar da ke nufin wada a Turanci. Tsari ne dattijo: siga ta biyu ta fito a 1993, ta biyar a 2017.

DWARF yana iya bayyana kusan komai, a kusan kowace irin firosesa. Domin cikakken jadawali zai yi girma ƙwarai, masu tsara shi suka zaɓi su rubuta umarnin gina jadawalin maimakon jadawalin kansa. Mai karatu yakan fara daga bakin gaɓa, ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya: matsa gaba da bait huɗu, ƙara takwas a girman hawa, rajista kaza an ajiye ta wuri kaza, har ya iso inda yake nema. In abin ya rikice, akwai wani ƙaramin harshen lissafi a ciki. Ƙarfin wannan harshe ya kai a 2011 James Oakley da Sergey Bratus na Dartmouth suka nuna ana iya ɓoye cikakken shiri mai aiki a cikin bayanan warware tari, ba tare da an taɓa umarnin manhajar ba.

Ga manhajar binciken kuskure da ke zaune lafiya a kan tebur, wannan ƙarfi alheri ne. Ga kanel da ke mutuwa, wani abu ne daban. A wannan lokaci ma'adana tana iya zama a gurɓace, ba a iya neman ƙarin wuri, ba a iya jiran kowa. A 2006 an shigar da mai warware tari na DWARF cikin Linux, aikin Jan Beulich, kuma kafin shekarar ta ƙare Linus Torvalds ya cire shi. Ƙorafinsa, wanda ya maimaita shekaru bayan haka, shi ne abin da aka kawo don sauƙaƙa gano kuskure ya zama shi ma yana da nasa kurakuran, ko bayanan da yake karantawa suna da su, har yakan faɗi a tsakiyar ba da rahoton faɗuwa. Mai ɗaukar majinyaci ya kwanta a hanya, an rasa majinyaci an rasa labari.

Darasin da na ɗauka a nan ya wuce kwamfuta. Bayanin da za a karanta cikin tashin hankali dole a tsara shi da tunanin halin mai karatu a wannan sa'a. Duk wahalar da za a sha, a sha ta tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bait shida

Shekara goma sha ɗaya aka yi kafin a sami mafita. A Nuwamban 2017 Linux 4.14 ya fito da ORC, aikin Josh Poimboeuf na Red Hat. Sunan ma da zolaya a ciki, domin a tatsuniyoyin Turawa wannan dodo abokin gabar wada ne.

Ranar da na fara buɗe fayil ɗin da ke bayyana tsarin ORC, na yi ta neman sauran. Babu saura. Kowane layi na jadawalin bait shida ne. Bait biyu na farko tazara ce: nawa za a ƙara domin a sami bakin hawan da ya gabata. Bait biyu na gaba wata tazarar ce: ina aka ajiye tsohuwar rajistar gindin hawa. Sauran biyun an yanka su gutsi-gutsi: bit huɗu su faɗi rajistar da za a fara lissafi daga gare ta, huɗu su faɗi ta lissafi na biyu, 'yan kaɗan su faɗi wane irin hawa ne, na kira ne na yau da kullum ko na katsewa wanda aka zube dukkan rajistoci a kansa.

Misali zai fi bayyanawa. A daidai ƙofar gaɓa, abin da ke kan tari adireshin komawa ne kawai, mai bait takwas, don haka layin zai ce: manunin tari, ƙara 8. Gaɓar ta ajiye rajista ɗaya, sabon layi ya ce: ƙara 16. Mai warwarewa ya yi wannan tarawa guda, ya sami bakin hawan baya, ya ja da baya bait takwas ya karanta adireshin komawa, ya nemi layin wannan adireshi, ya maimaita. Babu umarnin da za a bi, babu harshen da za a fassara. Mutum da fensir da takarda zai iya, kuma na taɓa yi.

Abin da aka bari a waje shi ne ainihin hikimar. DWARF yana bin diddigin kowace rajista domin mai bincike ya ga ƙimar kowane abu a kowane hawa. Poimboeuf ya tambayi abin da kanel ke buƙata kawai, wato wa ya kira wa, ya zubar da sauran. An kuma raba jadawalin gida biyu: adireshi a jeri ɗaya, bait huɗu-huɗu a tsare daga ƙarami zuwa babba, bayanai a jeri na biyu. Mai nema yana ratsa siririn jerin adireshi ne kawai, sai ya samu ya leƙa ɗaya jerin sau ɗaya. Akwai kuma ɗan jadawali na uku da ya yanka umarnin kanel kashi-kashi na bait 256, domin nema ya fara daga kusa.

Wa ke rubuta layukan? Wata manhaja mai suna objtool, wadda bayan kwamfaila ta gama takan bi kowace hanya a cikin umarnin inji tana lissafin girman tari. Inda mutum ya rubuta abu da hannu mai wuyar bi, sai ya bar mata alama. In ta ga abin da bai daidaita ba, takan yi gargaɗi tun lokacin harhaɗawa. Rikitarwar ba ta ɓace ba, an dai kwashe ta daga ɗakin gaggawa an kai ta inda in ta fashe ba a rasa komai sai lokaci.

Kuɗin da aka biya shi ne wuri. Jadawalin ORC ya fi na DWARF cin ma'adana da kusan rabi, megabait biyu zuwa huɗu gwargwadon kanel. Abin da aka samu kuwa, a gwajin Jiri Slaby, ya fi mai warwarewa na DWARF sauri da kusan ninki ashirin, kuma yana ratsa katsewa ba tare da tsallake hawa ba.

Ranar da baƙo ya zo karatu

Da na tsaya a nan, labarin zai zama na yabon sauƙi kawai. Amma bait shida ɗin nan sun koya mini wani abu na biyu: abin da ke da sauƙin karantawa a gida ba lallai ya iya tafiya ba.

Na farko, jerin bait. Lamba mai bait biyu ana iya rubuta ta ƙaramin ɓangare a gaba, kamar yadda x86 ke yi, ko babban ɓangare a gaba, kamar manyan injinan IBM na s390. Su kuma gutsattsarin bit, harshen C ya bar wa kowace kwamfaila da kowane inji su jera su yadda suka ga dama. Muddin ana harhaɗa kanel na x86 a kan injin x86, babu wanda ya lura. Da aka harhaɗa shi a kan inji mai babba-a-gaba, objtool ta rubuta jadawali a juye. Vasily Gorbik na IBM ne ya gyara, gyaran ya shiga a 2021, kuma tun daga nan fayil ɗin yana ɗauke da jerin bit iri biyu, kowane inji da nasa. Tsarin da aka bayyana da "yadda injina ke ajiye shi" bai bayyanu ba tukuna. Sai an faɗi wane bait ne a gaba, wane bit ne a ina.

Na biyu, siga. An ɗauki ORC a matsayin harkar cikin gida: kanel ke rubutawa, kanel ke karantawa, don haka ba a sa masa lambar siga ba. Amma da yake shi ne ingantacciyar hanyar bin sawun kanel a x86, manhajojin waje suka fara karanta shi, ciki har da drgn ta Omar Sandoval. A 2023 aka canja ma'anar gutsattsarin bit sau biyu a jere, a Linux 6.3 da 6.4. Layin yana nan bait shida, lambobin suna karantuwa, ma'anarsu ce ta sauya, kuma babu abin da zai gaya wa baƙo. Sandoval ya ƙara wani ɗan sashe da ke ɗauke da tambarin lissafi na bayanin tsarin, ta yadda duk ranar da aka taɓa tsarin tambarin zai canja da kansa. Duk bayanin da ya yi amfani, wata rana wanda ba ka gayyata ba zai karanta shi.

Na uku, injin kansa. ORC an ɗinka shi a jikin x86, inda kira ke ajiye adireshin komawa a kan tari kullum, bait takwas ƙasa da bakin hawa, don haka babu buƙatar rubuta wurinsa. A injinan ARM masu bit 64, irin na wayoyinmu, adireshin komawa yana shiga rajista ta 30 ne, gaɓa ta ajiye shi a tari in ta ga dama, a inda ta ga dama. Da aka kai ORC injinan LoongArch a 2024, sai da aka ƙara wa layin gurbin adireshin komawa, aka kuma koya wa objtool karanta wani harshen inji.

Daga irin waɗannan darussa SFrame ya fito, aikin Indu Bhagat da abokan aikinta a Oracle, wanda ya shiga GNU Binutils 2.40 a farkon 2023. Ya ɗauki ra'ayin ORC, abu uku kawai yake bi: bakin hawa, manunin hawa, adireshin komawa. Amma ya fara da gabatar da kansa. Bait biyu na farko lamba ce tsayayya, 0xdee2; in mai karatu ya gan ta a juye, ya san dukkan lambobin da ke biye a juye suke. Sai lambar siga, sai sunan irin injin. Abin da ba ya canjawa a inji, kamar wurin adireshin komawa a x86, an rubuta shi sau ɗaya a kai. Tazara kuma tana iya zama bait ɗaya, biyu ko huɗu gwargwadon buƙata, abin da ke rage girma amma ya ƙara wa mai karatu ɗan aiki, domin layuka ba su zama tsawo ɗaya ba. An kuma rubuta ƙa'idar tsarin a takarda mai zaman kanta, wadda wani zai iya bi ya rubuta nasa mai karatun. Ko wata bakwai ba a yi ba aka fitar da siga ta biyu, kuma wannan karon akwai bait ɗin da zai faɗa.

Burin shi ne kanel ya iya bin sawun manhajojin da ke gudana a kansa ba tare da igiya ba. Wannan ya kawo sabuwar damuwa. Jadawalin ORC ɗan gida ne, kullum yana cikin ma'adana. Na SFrame yana zuwa ne daga manhajar kowa, yana iya zama a kan faifai lokacin da ake nemansa, yana iya zama ƙarya da gangan. Dole kanel ya jinkirta karatun zuwa lokacin da jira ya halatta, kuma ya auna kowace tazara kafin ya bi ta. A nan ma ƙarancin tsarin ne ke ceto: jadawali mai gurbi kaɗan ana iya tantance shi gaba ɗaya.

Iya cewa ban sani ba

Akwai wata ƙima a cikin ORC da na fi so fiye da sauran: wadda ke nufin "a nan ban san hanya ba". An ware ta daban da wadda ke nufin "nan ne ƙarshen tari". Rarrabe waɗannan biyun na cikin canjin 2023 da na ambata.

Amfaninta ya fito fili a wajen yi wa kanel faci yana gudana, ba tare da an kashe na'ura ba. Tun sigar 4.12, kafin a sauya wa zaren aiki tsohuwar gaɓa da sabuwa, ana duba tarinsa a tabbatar tsohuwar ba ta ciki. In mai warwarewa ya tsallake hawa ya ce komai lafiya, za a canja katako a ƙarƙashin wanda ke tsaye a kai. In kuwa ya ce bai tabbata ba, sai a dakata a sake gwadawa. Amsa maras cika ba ta da haɗari muddin ta faɗi cewa ba ta cika ba.

To ai abin da kanel ɗina ya yi ke nan a 2016. Da 'yar dabarar da ta rage masa bayan na tsinke igiyarsa, ya faɗi gaskiya: ga abin da na gani, ban tabbata ba. Layi ashirin, alamar tambaya ashirin. Yawanta ne ya sa na daina ganinta, kamar ƙarar janareta da kunne ke sabawa da ita. Yaron da bai kai wata shida a aiki ba ya karanta abin da ke rubuce. Ni mai shekara tara na karanta abin da nake so.

Na same shi a bayan ofis yana naɗe waya, na gaya masa duka, har da layi na biyar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ba komai, Malam, ya wuce." Na je na faɗa wa shugaban sashe a gaban waɗanda suka ji zargin farko, aka mayar da direbansa, aka mayar da shi teburinsa. Bai cika shekara ba ya sami wani aiki ya tafi. Mukan gaisa da salla. Ban taɓa tambayarsa ko makonni ukun nan na cikin dalilin tafiyarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Yanzu duk lokacin da aka kawo mini tsarin wasu bayanai in duba, ko na kanel ne ko na rajistar abokan ciniki, tambayoyina ba su da yawa. Wa zai karanta wannan, kuma a wane hali zai kasance? Zai iya bin layi ɗaya da fensir? In an kai shi wani inji, ko bayan shekara biyar, da me zai gane irin abin da ke hannunsa? Sannan ina gurbin da bayanin zai ce bai sani ba? Matasan da ke aiki tare da ni sun san akwai tambaya ta biyar, wadda ba ta shafi tsarin ba. In suka kawo mini rahoton faɗuwa suna nuna sunan wani, nakan ce su karanta mini shi da baki tun daga layin farko har na ƙarshe, kowane suna da alamar da ke gefensa.